Kiɗan da Babu Sunana a Ciki

Sana'ata dillanci. Da turaren wuta da humra na fara, jaka a hammata, ina bin masaukan alhazai a Balad, tsohon garin Jidda, ɗaki ɗaki. Daga baya na kai ga leshi da atamfa da gwal. Ban yi boko ba, Larabcina na kasuwa ne, amma ba a taɓa sayar mini da jabu sau biyu ba. Idan ciniki ya faɗi, nakan kaɗe zanena in nemi wani, ba na kwana da shi a rai. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro a 'yan shekarun nan, shi ma ba na kasuwa ba ne.

A unguwar Karantina na haifi ɗana na fari. A garinmu, can Maraɗi, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara ɗaga shi ba. Idan ya isa yaye, kaka ko goggo ke ɗauke shi. Ni kuwa ba kaka ba goggo a Jidda. Mahaifinsa direba ne, yau Makka gobe Madina, har Allah Ya karɓi abinsa. Sai maƙwabciyata ta shigo wata rana ta ce ita za ta yaye shi. Bahaushiyar Sudan ce, ta girme ni, ba ta taɓa haihuwa ba. Zabiya ce, tana kiɗan ƙwarya tana waƙa a gidajen biki. Yaya nake ce mata. Ta ɗauke shi don yaye, ya zauna a ɗakinta har muryarsa ta buɗe.

Ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Hajiya yake ce mini, kamar yadda masu sayen leshi ke ce mini.

Ban ga laifin hakan ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Ya kuma yi mini daidai da sana'a, don in na fita da safe ba na tunanin wa zai ba shi abinci. Buhun shinkafa da mai da kuɗin makaranta daga hannuna suke fita, su tsallaka lungu su shiga gidan Yaya. Kowa ya san rabonsa. Ni ciyarwa, ita goyo.

Ni da Yaya akwai wata hulɗa kuma. Ni ce uwar ɗakinta. Babu bikin Hausawa a kudancin Jidda da za ta zauna da ƙwaryarta ba ta yi waƙata ba. Tana hango ni a bakin ƙofa sai ta sauya kiɗa, ta kama sunana da na ubana da na garinmu, ta ce gwal ɗina ba ya koɗewa, alkawarina ba ya tashi. Ni kuma in shiga fili in yi mata liƙi, matan da ke kallo su san wurin wa za su je in sun tashi haɗa lefe. Talla ce, na sani, ita ma ta sani, amma talla mai daɗi. Abin da na tashi na gani ke nan: mawaƙi yana ambaton mai ciyar da shi.

Yaron a gindin ƙwaryar nan ya girma. Yana ƙarami ya fara bugun gwangwani, da ya tasa ya koma waya, daga waya ya ce fiyano yake so. Na so ya shigo kasuwa, don yana da ido, yana taɓa yadi ya gane na Dubai da na Sin. Bai so ba. Ni ba na ajiye kayan da ba sa tafiya, kuma ba na tura mutum inda ƙafarsa ba ta so. Na saya masa fiyano da kwamfuta, na biya wani malami Bamisire ya koya masa yadda ake rubuta kiɗa a takarda, layi-layi da ɗigo-ɗigo kamar sawun kiyashi. Daga baya ya sami aiki a wani ɗakin ɗaukar sauti, yana haɗa kiɗan talla da na shigowar amarya ga Larabawa. Hausarsa ta rage, Larabcinsa ya fi na kafilina, Balaraben da ya tsaya mini a takardar zama, kyau.

Da aka rushe Karantina muka watse. Ni na kama shagga, wato sashen haya a bene, kusa da Balad, hawa na biyu, da ɗaki uku. Yaya ta sami ɗaki ɗaya a gefen unguwar Nuzla, saman wani bene mai matakala kamar ta hasumiya. Yaron ya dawo wurina da kayansa. Na ce a raina to, an gama aro, kaya sun dawo hannun mai su.

Wata rana muna cin abinci ya ce mini akwai wata zamala da yake son nema. Na tambaye shi aiki ne ko karatu. Ya ce tsakani. Ya yi ta ƙoƙarin yi mini bayani, rabi Hausa rabi Larabci. Akwai wata babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa, okestira, masu goge manya da ƙanana da masu busa da masu ganguna, da mutum ɗaya mai sanda a gabansu. Kowace shekara sukan zaɓi 'yan matasa masu tsara kiɗa da ba su riga sun yi suna ba, har da baƙi masu iƙama irinmu. Sai su ba mutum ɗan alawus, su haɗa shi da babban malami, su bar shi ya zauna wurin gwajinsu. Ya rubuta nasa, su buga masa ya ji, ya gyara, su sake bugawa. A ƙarshen shekara a buga shi gaban jama'a. Ya ce irinsa yakan tsufa bai taɓa jin abin da ya rubuta daga hannun mutane ba, sai dai daga kwamfuta.

Na yi masa tambayoyin da na iya. Su me za su ci a ciki? In an gama, kiɗan na wa ne, nasa ko nasu? Ya yi dariya, na ce ba dariya ba ce, ya je ya karanta sharuɗɗan kafin ya sa hannu. Ya karanta, ya ce nasa ne. Na ce to ya nema.

Abin da ban faɗa ba shi ne abin da na lissafa a zuci. Makaɗa cike da dandali, Larabawa da Turawa a kujeru, ɗana ne ya tsara. Wa zai ambata in ba wadda ta sayi fiyano ba? Ban taɓa kiran sunansa a gaban mutum ba, gaskiya ne, amma wannan kunyar uwa ce. Shi mawaƙi ba ya kunyar uwar ɗaki.

Wata mai sayen turare ce ta fara ɓata mini lissafi. Ta zo daga Nuzla, tana zaɓen kaya tana ba ni labari. Wai kullum bayan azahar tana ganin ɗana yana hawa benen Yaya da ledar cefane, ya zauna a ƙasa kan tabarma da na'urar ɗaukar murya, tsohuwa na waƙa yana rubutu. Ta ce ɗan nan ya san darajar uwarsa. Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, don ita a saninta Yaya ce ta haife shi. Na ɗaure mata turarenta, ban gyara mata ba. A shagga ɗina, in ya dawo, gaisuwa ce da cin abinci, sai ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa da abin sauraro.

Ranar da aka ɗauke shi a zamalar ma ba daga bakinsa na ji ba. Ina tsakiyar ciniki da wasu mata daga Zariya waya ta yi ƙara, na ɗauka, guɗar Yaya ta cika mini kunne.

"Uwar ɗakina, an ɗauki ɗana. Yanzu ya kira ni."

Na ce mata barka, Allah Ya sa albarka. Na ajiye waya na ci gaba da auna leshi. Matan ba su ga komai a fuskata ba, amma na rage musu farashin da ban taɓa ragewa ba don kawai su tafi. Shi kuwa sai da ya dawo gida ya faɗa mini, yana sosa ƙeya, ya ce ya san ina kasuwa shi ya sa bai dame ni ba.

Watanni suka shige. Ya rame, ya daina aikin talla, kullum yana wurin gwaji ko wurin malaminsa ko benen Nuzla. Sau ɗaya ya zo ya zauna kusa da ni da wata buƙata, har na gyara zama. Ya ce mai gangunansu ya gwada duk abin da suke da shi, babu mai ba da amon da yake nema. Ƙwarya yake so, manya, masu kauri, wadda za a kifa a kan ruwa da waɗanda za a kifa a ƙasa. Ya ce ya san babu mai samo su sai ni.

Wato a matsayin dillaliya ya zo mini. Na ji zafin abin, amma oda oda ce. Na kira wata hajiya da ke shirin zuwa umara daga Sakkwato, na gaya mata irin da nake so, ba mai tsaga, ba mai ɗinki, ta ƙwanƙwasa kowace ta ji kafin ta saya. Ta naɗe su a cikin zannuwa ta kawo. Ya ɗauka yana ƙwanƙwasawa yana murmushi, ya ce bari ya kai wa Inna ta ji.

A bakin ƙofa na tsayar da shi. Na tambaye shi, kamar ba komai, su wa zai ambata a cikin kiɗan.

"Hajiya, ai babu baki a ciki. Ma fi kalam. Kiɗa ne zalla."

Na ce kiɗa ba magana, to me mutane za su riƙe su tafi da shi gida? Ya ce in bari in ji. Da ya fita na zauna na sake lissafi. In babu suna, babu na kowa ke nan. Ban ci riba ba, amma ita ma ba ta ci ba. Da wannan na haƙura.

Ranar da za a buga, na shirya kamar yadda uwar ɗaki ke shirya wa biki. Na sa leshi mai nauyi a ƙarƙashin abaya, na zuba gwal a hannu. Na sa sababbin takardun kuɗi a jaka don liƙi. Na kuma ɗinka babbar riga, shadda mai aiki a wuya, don shugaban makaɗan, tunda a wurinmu babban makaɗi ba ya tashi daga fili hannu wofi. Na biya na ɗauki Yaya a tasi. Sai da direba ya taimaka muka sauko da ita daga benen, tana hutawa a kowane hawa tana zagin gwiwoyinta. A mota ta dube ni sama da ƙasa ta ce yau dai amarya ta zo kafin ango. Na ce ta bar ni da baƙin bakinta.

Da muka shiga zauren na gane liƙi ba zai yiwu ba. Kujeru a jere kamar na jirgi, dandali can sama, babu fili, babu hanyar da mutum zai taka ya isa wurin makaɗa. Mutane na magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan gaisuwar mutuwa. Na tura jakata ƙarƙashin kujera. A can baya, tsakanin gangunan tagulla, na hango ƙwaryoyina a kife, ɗaya a cikin baho na ruwa. Na taɓa Yaya na nuna mata, na ce kayana ne. Ta ce ta sani, ita ta zaɓi ta ruwan.

An buga na wasu matasa biyu tukuna. Sannan mai sanda, wani dattijo Bature mai jin Larabci kaɗan, ya kira ɗana. Ya fito cikin baƙar kwat. Ya yi magana da Larabci, gajeruwa. Ya ce an haife shi a unguwar da yanzu babu ita, kuma duk abin da za a ji ya samo shi ne daga matar da ta goya shi. Ya faɗi sunan Yaya, cikakke, da na ubanta. Ya ce nata ne.

Aka tafa. Yaya ta rufe fuska da gefen mayafi. Ni na tafa tare da mutane, awarwarona na ƙara. Ashe akwai wurin suna, wuri ɗaya tak, kuma an ba da shi.

Farkon kiɗan ban ji shi ba, kunnena yana wani wuri. Ina ta jera abubuwa a raina, fiyano, kwamfuta, Bamisire, buhunan shinkafa da suka tsallaka lungu. Gogen nan suna ta jan wani abu a hankali kamar ana warware yadi. Can sai ƙwaryar ruwa ta shigo, dum, dum, kamar daga ƙarƙashin ƙasa, sauran suka amsa mata. Masu busa suka ɗauki wani kari, masu goge suka karɓa, ya zagaya dandalin ya dawo. Na ji Yaya ta matso. Ta sa bakinta a kunnena tana rerawa can ƙasa, daidai da makaɗan: sunana, sunan ubana, Maraɗi, gwal da ba ya koɗewa.

Na juya na dube ta.

"Waƙarki ce, uwar ɗakina. Ba ki gane ta ba?"

Ban gane ta ba. Duk shekarun da ta yi tana yi mini ita, ni sunana nake jira, da na ji shi sai in buɗe jaka. Karin bai taɓa zama mini a kunne ba. Shi kuwa yana zaune a gindin ƙwarya yana ganin uwarsa ta shigo fili, karin ya riƙe. Ga shi yanzu makaɗa cike da dandali suna buga shi, kuma a duk zauren mutum biyu ne suka san na wa ne, shi da ita. In ta yi shiru, sunana ya ɓace daga ciki. Ta kuwa yi shiru daga baya, don tari ya kama ta, na zauna ina jin waƙata ba ni a ciki.

Ba zan ce na ji daɗi ba, ba kuma zan ce ban ji ba. Na dai lura cewa ko wannan ɗan rabon ta hannunta ya biyo.

Da aka tashi, aka fito farfajiya ana gaisawa. Mutane suka kewaye Yaya, wata Balarabiya har da sumbatar goshinta. Ni na ɗauko rigar na nufi mai sanda, na miƙa masa da hannu biyu. Ya warware ta, ya rasa ta ina ake shiga, ya yi ta godiya. Sai ya juya ya tambayi ɗana wace ce wannan baiwar Allah mai karamci. Yaron ma a kan al'adar ya tashi, bai taɓa nuna ni ya ce uwata ba. Ya ce Hajiya ce, ita ta samo ƙwaryoyin. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce suna godiya ƙwarai ga masu taimaka wa ƙungiya da kayan aiki.

Na ga cinikin yana shirin rufewa a haka, ni mai kawo ƙwarya. Na ce da Larabcina na kasuwa, da muryar da nake kiran farashi:

"Ana ummuh. Ni na haife shi."

Dattijon ya dubi Yaya, ya dube ni, ya ce to ɗan gata ne mai uwa biyu. Yaron ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Yaya ta dafa sandarta tana dariya har da hawaye, ta ce yau kunyar Maraɗi ta faɗa teku, wa zai tsamo ta. Na ce a bar ta can, ta ji gishiri.

Duk da haka, da muka zo shiga mota, ita ya buɗe wa gidan gaba, ya gyara mata kujera, ya ɗora mata ƙafa. Ni na shiga baya da jakar kuɗin da ban liƙa wa kowa ba.

Na yi kwanaki ina juya abin kamar yadda nake juya kayan da suka ƙi tafiya. Ba zan iya sayen abin da take da shi ba, ba na sayarwa ba ne. Ba zan hana shi hawa benen Nuzla ba, in na gwada ni zan yi asara. An kuma ce masa wata ƙungiyar a wata ƙasa ta ji kiɗan tana son ya rubuta mata sabo, wato zai ƙara komawa gindin ƙwarya ke nan. Idan masu saye sun fi son wani shago, ba a faɗa da su. A kawo kayan shagon cikin naka.

Na hau benen da kaina, ina haki. Na ce wa Yaya gwiwoyinta ba za su ƙara shekara a matakalar nan ba, ga ɗaki a wurina babu kowa sai dilolin atamfa, ga na'urar sanyi, ga lif. Ta dube ni ta ce:

"Uwar ɗakina, ni kike so ko mai zuwa wurina?"

Na ce mata duka biyun, amma ɗaya ya fi. Ta ce ta san wanne, kuma ta yarda, da sharaɗin ba zan hana ta kiɗa da rana ba.

Yanzu tana ɗakin ƙarshe. Duk wanda zai je wurinta sai ya ratsa falona. Bayan azahar yakan fito da na'urarsa, ya tarar da ni a kan kujera ina lissafin oda, ya durƙusa ya gaishe ni. Wani lokacin nakan riƙe shi da tambaya, yaya malaminsa, yaushe za a biya shi, ya karanta sharuɗɗan sabuwar ƙungiyar ko bai karanta ba. Yakan amsa, ya ɗan zauna, har ya ci dabino. Sannan ya tashi ya wuce ciki, in ji ya ce Inna, in ji ƙwarya ta fara. Hajiya yake ce mini har yau. Na hana a rufe ƙofar ɗakin, na ce saboda sanyin na'ura ya zagaya. Karin waƙata kuwa na iya shi yanzu, ko daga tsakiya aka kama shi ina ganewa.